Yadda Ake Auna Ƙarfi da Aiki, a Kuma Gwada Sauƙaƙan Na'urori da Kayan Gida

Sauƙaƙan na'urorin da ake koyarwa a ƙaramar sakandare guda shida ne: liba, da fuli, da gangara, da abu mai kaifi irin gatari, da sukuru, da kuma taya mai juyawa tare da sandarta. Ɗalibai da yawa kan haddace sunayen nan su zuba su a takardar jarrabawa, amma idan aka tambaye su ko katakon da 'yan dako ke jinginawa a bayan mota don su tura ganga yana rage musu aiki, sai su ce e ba tare da wani tunani ba, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Babu na'urar da take rage aikin ɗaga kaya. Iyakar abin da take yi shi ne ta rage ƙarfin da za a sa ta ƙara nisan da za a bi, ko ta ƙara ƙarfin ta rage nisan, ko kuma ta sauya wa ƙarfin alƙibla. Wannan magana ba ta zama a kai sai ɗalibi ya auna da hannunsa lambobi sun tabbatar masa, don haka matakan da ke tafe duk na awo ne.

Ku tanadi roba mai murfi mai faɗin gindi, da busasshen yashi, da katako mai tsawon mita 2, da rula, da tef ɗin awo irin na tela, da zare mai ƙwari, da igiya, da noti guda goma masu girma ɗaya, da bulo biyu ko uku, da kwarkwaron zare guda biyu, da guntuwar waya mai kauri, da sikelin rataye. Kowane rukuni ya kasance mutum uku: mai ja, da mai karanta awo, da mai rubutawa.

Mataki na farko: ku mallaki abin auna ƙarfi

Ƙarfi shi ne turi ko ja, kuma ana auna shi da niyuton, ma'aunin da aka sa wa sunan Isaac Newton, masanin Ingila da ya wallafa dokokin motsi guda uku a shekarar 1687. Kilo yana auna yawan abu ne, niyuton kuwa yana auna ƙarfin da ake jan abin da shi. Duniya tana jan kowane kilo ɗaya da ƙarfin niyuton 9.8, wanda a lissafin aji ake ɗauka a matsayin 10 don sauƙi. Ke nan buhun siminti mai kilo 50 nauyinsa niyuton 500 ne a nan doron ƙasa, amma da za a kai shi duniyar wata, inda jan bai wuce niyuton 1.6 a kan kowane kilo ba, da nauyinsa ya koma wajen niyuton 80, ba tare da ko cokali ɗaya na simintin ya ragu ba.

Sikelin da ya fi dacewa shi ne ƙaramin nan mai nuna lamba da ake auna jakar matafiya da shi. Irin na 'yan gwangwan an yi shi ne don kaya masu nauyi, kuma allurarsa da ƙyar take motsawa a kan kilo ɗaya. Duk abin da sikelin ya nuna a kilo, ku ninka shi sau 10 ku sami niyuton.

Idan babu sikeli, ku ƙera naku. Ku yanko siririyar roba daga tsohon tiyub ɗin keke, faɗinta kamar santimita ɗaya, ku kafe bakinta guda da ƙusa a saman wani siririn katako, ku ɗaura ƙugiyar waya a ɗaya bakin, sa'annan ku manna farar takarda a jikin katakon a bayan robar. Ku tsayar da katakon, ku rataya leda mai kauri wadda ba komai a cikinta, ku yi alama daidai inda kan ƙugiyar ya tsaya, ku rubuta sifiri. Daga nan sai ku riƙa zuba ruwa mililita 100 a cikin ledar da kofin awo, kuna yin sabuwar alama a kowane zubi, domin mililita 100 na ruwa giram 100 ne, wato niyuton ɗaya. Ku ci gaba har zuwa 20. Kada ku yi dabarar auna tazara ɗaya ku maimaita ta da rula har ƙasa, saboda roba ba ta miƙewa daidai wa daida kamar naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikin sikeli, kuma za ku ga da idonku cewa tazarar alamomin tana sauyawa yayin da nauyi ke ƙaruwa.

Mataki na biyu: ku auna aiki

Ana cewa an yi aiki a kan abu idan ƙarfi ya motsa shi zuwa inda ƙarfin ya dosa, kuma lissafinsa shi ne ƙarfi sau nisa, ƙarfin a niyuton, nisan a mita. Amsar tana fitowa ne a jul, daga sunan James Joule, wani masanin Ingila na ƙarni na 19 da ya nuna alaƙar aiki da zafi. Mai tallar da ta tsaya cik da faranti a ka tana gajiya, domin tsokarta na ƙona abinci, amma farantin bai ɗaga ba, saboda haka ba a yi aiki a kansa ba.

Ku zuba yashi a cikin robar nan mai murfi har sikeli ya nuna kilo 2, ku rufe, ku ɗaure ta da zare yadda za a iya rataye ta. Ku jera bulo ko ku nemi benci mai tsayin rabin mita. Ku ɗaga robar da sikelin a hankali daga ƙasa zuwa saman, mai karatu yana duban lambar yayin da take tafiya. Niyuton 20 sau mita 0.5 ya ba da jul 10. Ku rubuta wannan lamba da babban baƙi, domin ita ce za ku riƙa auna sauran sakamakon da ita.

Mataki na uku: gangara

Ku jingina katakon a kan bulon, yadda tsawon da ke tsakanin ƙasa da bakin bulon zai zama mita 1.5, tsayin kuma ya kasance rabin mita kamar ɗazu. Ku ɗora robar a ƙasan katakon, ku maƙala sikelin, ku ja ta zuwa sama. Akwai abubuwa uku da ke ɓata wannan gwaji, kuma kusan kowane rukuni yakan faɗa wa ɗaya daga cikinsu. Dole zaren ya bi kwancin katakon, kada hannu ya ɗaga sama. Dole tafiyar ta kasance a hankali kuma bai ɗaya, ba fizga. Sa'annan ba a karanta lamba a daidai lokacin da robar za ta fara motsi, domin ƙarfin da ake buƙata a tayar da abu daga tsaye ya fi wanda ake buƙata a ci gaba da jansa. Ku maimaita sau uku, ku tara amsoshin ku raba gida uku.

Da a ce katakon ba ya riƙe robar ko kaɗan, da ƙarfin da za ku gani kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin, wato kimanin niyuton 6.7, tunda hanyar ta ninka tsayin sau uku. A zahiri za ku ga abin da ya fi haka. A ce kun ga niyuton 12. Ƙarfin ya ragu daga 20 zuwa 12, hannu kuma ya ji sauƙi, amma ku lissafa aikin: 12 sau 1.5 ya ba da jul 18. An kai kaya iri ɗaya tsayi iri ɗaya, amma aikin ya tashi daga jul 10 zuwa 18. Jul 8 ɗin da suka ƙaru gogayya ce ta cinye su, wato gugar gindin robar da fuskar katakon, kuma sun koma ɗan zafi da ƙara.

Daga waɗannan lambobi ake fitar da abubuwa biyu da ke yawan zuwa a jarrabawa. Ribar ƙarfi ita ce nauyin kaya a raba da ƙarfin da aka sa, a nan 20 a raba da 12, kimanin 1.7. Inganci kuwa shi ne aikin da aka amfana da shi a raba da aikin da aka yi, a ninka sau 100, a nan 10 a raba da 18, kimanin kashi 56 cikin ɗari. Yanzu ku ɗora robar a kan motar wasan yara mai tayu, ku rage yashi har jimlar nauyinsu ta dawo kilo 2, ku sake ja. Lambar za ta faɗo ta matso kusa da 6.7, amma ba za ta taɓa sauka ƙasa da shi ba. Wannan ne ya sa ake mirgina ganga maimakon a ja ta, kuma shi ya sa gangaren da ake ginawa a ƙofar asibiti don keken marasa lafiya yake da tsawo: ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ba kowane mita ɗaya na tsayi mita 12 na tsawo.

Gatari, da wuƙa, da gizago, da ƙusa duk gangara ce da ake cusawa cikin abu don ta tsaga shi. Sukuru kuwa gangara ce da aka naɗe a jikin sanda, kuma za ku gane haka idan kuka yanka takarda mai kusurwa uku, kuka ja baƙin layi a gefenta mai tsawo, kuka naɗa ta a jikin fensir. Mai canza taya yakan juya hannun jak sau da yawa kafin mota ta ɗaga ɗan kaɗan, kuma wannan yawan juyin shi ne kuɗin da yake biya don ya ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa.

Mataki na huɗu: liba

Liba sanda ce mai ƙwari da ke juyawa a kan madogara. Ku ɗaure zare a tsakiyar rula mai santimita 30, ku rataye ta, ku riƙa gyara zaren har ta kwanta daidai. Wannan ya fi ɗora ta a kan fensir, domin fensir yana mirginawa. Ku zura noti huɗu a zare ku rataya su santimita 5 daga tsakiya ta hagu. Ku zura noti biyu a wani zaren, ku riƙa matsar da su ta dama har rular ta sake daidaita. Za ku tarar sun tsaya a santimita 10. Ku gwada noti shida a santimita 4, ku nemi inda noti biyu za su daidaita su, amma ku fara hasashe a rubuce kafin ku taɓa zaren. Wanda ya lura cewa huɗu sau 5 daidai yake da biyu sau 10 zai ce santimita 12, kuma gaskiyarsa. Wannan ita ce dokar liba: nauyi sau nisansa daga madogara daidai yake da ƙarfi sau nisansa daga madogara. Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, shi ne ya kafa mata hujja ta lissafi.

Idan malami yana kusa, ku gwada babba a fili. Ku sami ƙaƙƙarfar sanda mai tsawon mita 2, ku sa bulo a ƙarƙashinta rabin mita daga bakin da za a ɗora buhu mai kilo 50, ya rage mita 1.5 ta wajen hannu. Niyuton 500 sau 0.5 a raba da 1.5 ya ba da kimanin niyuton 167, ƙarfin da yaro zai iya dannawa. Sai mutum ɗaya ya riƙe tef a wajen buhun, wani kuma a wajen hannun. Kafin buhun ya ɗaga santimita 10, hannun ya sauka santimita 30, kuma aikin ta kowane ɓangare jul 50 ne. Ƙafafu su yi nesa da ƙarƙashin buhun, kuma a sauke shi a hankali, kada a saki sandar.

Liba iri uku ce, gwargwadon abin da ke tsakiya. A almakashi, da filaya, da awartakin maƙeri, madogara ce a tsakiya. A baro da mabuɗin kwalba, kaya ne a tsakiya. A matsefata da hannun mutum, ƙarfin ne a tsakiya, kuma wannan iri na uku ba ya rage ƙarfi, ƙara shi ma yake yi, amma yana ba da saurin motsi da isa nesa. Lissafin baro yana da amfani ga duk mai turinsa: idan tsakiyar buhu biyu na siminti tana santimita 40 daga sandar taya, hannuwan kuma suna santimita 120 daga gare ta, mai turin yana ɗauke da kashi ɗaya cikin uku ne kawai na niyuton 1,000, sauran yana kan taya. Da ya ja kayan baya zuwa wajen hannu, da kafaɗunsa sun gaya masa.

Jigon da masu lambu ke ban-ruwa da shi a fadama ya cancanci a tsaya a kansa, domin a ganina babu misalin liba da ya fi shi koyarwa, kuma tun zamanin Fir'aunoni ake amfani da irinsa a bakin kogin Nilu. Doguwar sanda ce a kan gwafa, da guga a rataye a dogon ɓangaren, da dunƙulen laka ko dutse a ɗaure a gajeren. Abin lura shi ne lokacin da mai lambu yake sa ƙarfinsa. Ba wajen fito da ruwa yake wahala ba, wajen tura gugan wofi ƙasa ne, domin a lokacin ne yake ɗaga dunƙulen lakar sama, yana jan igiya ƙasa nauyin jikinsa na taimaka masa. Idan guga ya cika, sai lakar ta sauko da kanta ta ɗago shi, shi kuwa ya bi da hannu ya juye a kwari. Aikin ɗaga ruwan duk shi ya yi, amma ya yi shi ne ta fuskar da ba ta karya baya, ya ajiye shi a cikin lakar na ɗan lokaci, sa'annan ya karɓe shi.

Mataki na biyar: fuli

Fuli ƙaramar taya ce mai kwari a gefenta inda igiya ke bi. Ku zura waya a ramin kwarkwaron zare, ku lanƙwasa ta ta zama marataya, ku tabbatar kwarkwaron yana juyawa ba tare da ya cije ba. Ku rataye shi a reshe ko a saman ƙofa, ku ratsa zare ta kansa, robar yashi a baki ɗaya, sikeli a ɗaya bakin. Za ku ga niyuton 20 ko ɗan fiye da haka. Fulin da ke kafe wuri ɗaya ba ya rage ƙarfi, sauya alƙibla kawai yake yi, kamar na bakin rijiya da na sandar tuta.

Sai ku sauya tsari. Ku ɗaure bakin zaren a sama, ku rataya robar a jikin fulin, zaren ya bi ta ƙarƙashinsa ya dawo sama zuwa sikelin. Yanzu zare biyu ne ke ɗauke da kayan, kuma sikelin zai nuna ɗan fiye da niyuton 10. Ku auna zaren da kuka ja kafin robar ta ɗaga rabin mita, za ku tarar mita ɗaya ne cif. Domin dukan aji su shaida, ku ba manyan ɗalibai biyu sanduna biyu masu santsi su riƙe a kwance suna fuskantar juna, ku ɗaure igiya a ɗaya sandar, ku zagaya da ita tsakanin sandunan sau uku, ku miƙa wa mafi ƙanƙanta a ajin bakin igiyar. Idan ya ja, da wuya manyan su hana sandunan haɗuwa. Kada kowa ya naɗe igiya a hannunsa, kuma kada a kai gwajin fuli bakin rijiya.

Taya da sandarta ba ta buƙatar dogon gwaji, domin liba ce mai zagayawa. Ku gwada kwance sukuru kuna riƙe da siririn ƙarfen sukudireba, sa'annan ku koma ku riƙe ƙotarsa mai kauri. Sitiyarin mota, da kan famfo, da hannun injin taliya duk haka suke aiki.

Mataki na shida: ku bi sawun makamashi

Makamashi shi ne ikon yin aiki, kuma shi ma da jul ake auna shi. Jul 10 ɗin da kuka kashe wajen ɗora robar a kan bulo ba su ɓace ba, suna ajiye a matsayin makamashin tsayi. Ku ture ta ta faɗo a kan yashi: yayin faɗowa makamashin ya koma na motsi, da ta bugi ƙasa kuma ya koma ƙara, da ɗan zafi, da ramin da ta yi. Ba a ƙirƙirar makamashi kuma ba a hallaka shi, siffa kawai yake sauyawa. A madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a kan kogin Neja a shekarar 1968, ruwan da aka tare a sama yana gangarowa ya juya manyan injina, su kuma su mayar da motsin wutar lantarki.

Makamashin da ke hannunku daga abinci ya fito. Giram ɗaya na sukari yana ɗauke da kimanin jul 17,000, ɗaga buhun siminti mita ɗaya kuwa jul 500 ne, sai dai tsokar mutum ba ta mayar da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta ƙona zuwa aiki, sauran zafi yake zama, shi ya sa mai dako yake gumi.

Idan makarantarku tana da bene, ku ƙara da awon saurin aiki, wanda ake yi da wat, wato jul ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Ku auna tsayin matakala ɗaya ku ninka da yawansu. Ɗalibi mai kilo 40 da ya hau mita 3 ya yi aikin jul 1,200, kuma idan ya yi shi cikin daƙiƙa 6, saurin aikinsa wat 200 ne. Wanda ya hau cikin daƙiƙa 12 aiki ɗaya suka yi idan nauyinsu ɗaya, amma nasa wat 100 ne.

Ga kowane gwaji, ku ja layuka a littafinku ku rubuta nauyin kaya, da tsayin da ya ɗaga, da ƙarfin da aka sa, da nisan da hannu ya bi, sa'annan ku fitar da ribar ƙarfi da inganci. Idan ingancin wata na'ura ya fito sama da kashi 100, to akwai kuskure a awon ko a lissafin. Ku duba ko kun sa santimita a inda ya kamata a sa mita, ko kun manta ninka kilo sau 10, ko kun auna tsawon katakon duka maimakon nisan da robar ta bi. Idan sikelin roba kuka yi amfani da shi, ku sake rataya masa rabin lita na ruwa ku ga ko har yanzu yana nuna niyuton 5, domin robar tiyub takan saki idan ta sha ja ko ta daɗe a rana, kuma idan ta saki sai an sake yin alamomin daga sifiri.